Sharar da Baffa Ya Hana a Zubar

Shekarar da na gama karatun kwamfuta a Ngawundere na dawo Garwa da takardata, na zaga ofisoshin gari har takalmina ya cinye, babu wanda ya kira ni. Aikin da na samu a ƙarshe ma ba cewa aka yi an ɗauke ni ba. Mahaifiyata ce ta je gaisuwa gidan Baffa, yayan mahaifina, ta dawo ta ce mini in shirya da safe, wai injin ofishinsu yana yawan suma, in je in duba shi. Na je dubawa, aka nuna mini kujera, daga nan ban sake jin maganar tafiya ba.

Baffa yana da manyan motoci da ke kwasar shanu daga kasuwannin arewa zuwa Ngawundere, inda ake loda su a jirgin ƙasa a yi kudu da su, motocin kuma su dawo da siminti da fulawa. Kakanmu ne ya zo daga wajen Kano da fataucin fata, ya zauna. Ta hanyar Kano Baffa bai taɓa wuce Yola ba, amma in ransa ya ɓaci da Fulanin da yake ciniki da su sai ka ji yana cewa "mu mutanen Kano ba haka muke yi ba", da Hausar da rabinta Fulatanci ne.

'Ya'yansa biyu ne a ofis. Yaya Babba shi ke riƙe da gareji da direbobi, kuma a wurinsa duk abin da ya lalace mari ɗaya yake jira. Yaya Ƙarami ya yi karatu a Duwala, yana sa kwat a zafin Garwa, kuma an rubuta Direkter a ƙofarsa da harufan zinariya da shi da kansa ya je ya sa aka yanko. Kowannensu ya sha ja na gefe ya gaya mini cewa in Baffa ba ya nan, shi ne Baffa.

Injin da ke suman shi ne sabar, wato babbar kwamfutar da duk ƙananan na akawu suke jingine da ita. Tana zaune a wani ɗaki da a da ake ajiye buhunan gishiri, da fanka a gabanta. Wasu mutanen Duwala ne suka zo suka kafa ta da manhajar da ke fitar da takardar lodi, suka ci kilishi, suka tafi, lambarsu kuma ta daina shiga. Ba tare da takardar nan ba mota ba ta fita, don jandarmomin hanya ba abin da suke so irin su ga direban shanu da takarda mai shakka.

Kafin zuwana kowa yana da nasa bayanin ciwon. Yaya Babba ya ce zafi ne. Yaya Ƙarami ya ce cutar kwamfuta ce da akawu ke kawowa da waƙoƙinsu. Baffa ya ce hassada ce, kuma ya san mai ita. Maganin da suke yi shi ne su kira wani mai gyaran waya daga kasuwa, ya goge duk abin da hannunsa ya kai, injin ya farfaɗo na ɗan lokaci. A haka hotunan bikin wani akawu suka tafi.

Ban daɗe da zama gabanta ba na ga cikinta ne ya cika, babu wurin da za ta ajiye ko harafi ɗaya. Abin da ya cika ta kuwa log ne. Duk sabar tana rubuta wa kanta labarin abin da ta yi: wane ya shiga, wane ya fita, me aka nema, me ya gagara. Wannan rubutun shi ne log, kuma ba ya tsayawa. Shi ya sa ake da wani ɗan tsari da ke juya shi. In lokaci ya yi sai ya rufe fayil ɗin da ake ciki, ya canza masa suna, ya matse shi, ya buɗe sabo, ya kuma zubar da waɗanda suka fi tsufa. Tamu sabar tana da tsarin, an rubuta shi daidai, sai dai rabon da ya yi aiki tun ranar da mutanen Duwala suka gwada shi a gaban Baffa. Fayil ɗaya ne yake ta kumbura tun daga lokacin.

Na tayar da tsarin da hannu, ya yi aiki tsaf. Na bar shi ya tashi da kansa, washegari na zo na tarar bai motsa ba. Na duba izinin fayiloli, na duba agogon injin, na karanta umarnin layi bayan layi har na haddace. Kwanaki ina wannan, Yaya Ƙarami yana leƙowa yana tambayata da Faransanci ko dai a kira ƙwararre.

Ni kullum da la'asar nake tashi, don haka ban taɓa ganin rufe ofis ba. Ranar da na makara ina tattara kaya, sai ga Baffa ya hawo bene da carbinsa, ya bi ɗakuna yana leƙawa, ya tsaya gaban babban makunnin kuran, wato wutar lantarkin ginin, ya yi bismilla ya ja shi ƙasa. Na ji fankar ɗakin gishiri ta mutu, sabar ta yi ɗan kuka ta bi ta. Ashe haka yake yi kowace yamma tun wata gobara da ya gani yana saurayi. Mutanen Duwala kuwa sun saita juyawar ne kafin asuba, lokacin da injin ke kwance a duhu.

Na ce, "Baffa, ai wannan injin ba a kashe shi. Kwana yake yi a kunne."

Ya dube ni. "Yana yin me?"

"Yana gyara kansa."

"Da rana me ya hana shi? Ni da na saye shi ina barci, shi yana zaune yana shan kuran? In ya kama da wuta ke za ki zo ki kashe?"

Ban ja ba. Na mayar da juyawar lokacin azahar, sa'ad da akawu ke sauka salla. Washegari na idar da salla, na dawo na ga sabon fayil fes, tsohon an canza masa suna. Da na koma gida har na gaya wa mahaifiyata na gama da ciwon, ita kuma ta gaya wa matan unguwa.

Bayan 'yan kwanaki na leƙa, sabon fayil ɗin yana nan babu ko layi ɗaya. Manhajar ba ta san an yi mata sauyi ba, tana can tana zuba rubutu a tsohon, duk da sabon sunansa. Haushi ya kama ni, na goge tsohon da hannuna. Ya ɓace daga jeri, amma sabar ta ce har yanzu a cike take. Na haɗa girman duk abin da ke cikinta, bai kai rabi ba, ita kuma ta dage cewa babu wuri. Na zauna a ɗakin nan mai warin gishiri, gumi yana bin bayana, ina kallon fayil ɗin da babu shi amma yake ci gaba da girma. Sai can na tuna abin da wani malaminmu ya taɓa faɗa muna gyangyaɗi: muddin manhaja tana riƙe da fayil, goge shi suna kawai yake cirewa, wurin ba ya dawowa sai ta saki.

Na ƙara layi ɗaya da zai sa manhajar ta saki tsoho ta kama sabo bayan kowace juyawa. A karon farko na yi mata da ƙarfi, layin ya kashe ta gaba ɗaya ya sake tayar da ita. Na manta akwai akawunmu ɗaya, wata mata Kirista 'yar kudu, da ba ta tashi da azahar. Tana tsakiyar cika takardar lodi komai ya ɓace mata. Ta zo har ƙofar ɗakin gishiri ta wanke ni tas da Faransancin da ba a koya mana a makaranta ba. Na ba ta haƙuri, na nemo hanyar da ake taɓa manhajar a hankali, ta saki fayil ba tare da ta faɗi ba.

Daga nan suma ta ƙare. Makonni suka wuce babu wanda ya kira mai gyaran waya. Da na bar abin a haka da an zauna lafiya, sai Yaya Ƙarami ya kira taro don ya nuna wa Baffa ci gaban da sashensa ya samu. Ya yi dogon jawabi, sannan ya ce in ɗan yi bayani da Hausa don kowa ya gane. Ni kuwa ina jin daɗin kaina, na tashi na zayyana komai, na ƙare da cewa yanzu injin da kansa yake rufe tsohon rubutu, ya buɗe sabo, ya goge mafi tsufa.

Carbin Baffa ya tsaya.

"Ya goge me?"

"Tsohon log, Baffa. Rubutun da yake yi wa kansa."

"Da izinin wa?"

Na ce ai ba takardun lodi ba ne, ba kuma lissafin kamfani ba ne, surutun injin ne kawai, shara ce.

"In shara ce me ya sa yake rubutawa?"

Na ce yana da amfani na ɗan lokaci, in wani abu ya lalace a nan ake dubawa, amma in ya kwana biyu ba wanda ke buƙatarsa.

"To. Yau da amfani, in an kwana biyu babu. Haka kuke cewa da mu ma." Ya juya ga 'ya'yansa. "Ashe ina masallaci wani abu yana nan yana goge mini rubutu a cikin kamfanina, ku kuna zaune?"

Ban taɓa ganin bakin yayyena ya zo ɗaya ba sai ranar. Yaya Babba ya ce shi dama abin bai kwanta masa ba. Yaya Ƙarami, wanda tun ɗazu yake gyaɗa kai kamar shi ya rubuta layin, ya ce shi ma yana da 'yan shakku, yana jiran lokacin da ya dace ne ya faɗa.

Duk wanda ya taɓa shiga bayan garejin Baffa ba zai yi mamaki ba. Motarsa ta farko tana can, bishiya ta fito ta tsakiyarta. Tayoyin da suka mutu tun kafin a haife ni suna jere har saman katanga, kuma ya san kowacce. Hukuncin da ya yanke shi ne injin ya juya, ya matse, amma kada a goge komai sai an ji daga bakinsa.

Haka na cire layin gogewa, na maye gurbinsa da kaina. Duk ƙarshen wata sai in yafa mayafi in tafi gidan Baffa bayan la'asar, in jira dillalan shanu su gama shan shayinsu, in shiga in durƙusa in gaishe shi, mu tambayi lafiyar kowa har da awakin gidanmu, sannan in ce, "Baffa, sharar injin ta taru."

"Kin duba babu abin kirki a ciki?"

"Na duba."

Wani lokaci sai ya ce in karanta masa kaɗan. In buɗe wayata in riƙa fassarawa: an shiga, an fita, an nemi firinta ba a same ta ba, an sake nema ba a same ta ba. Yana saurare ido a lumshe kamar labaran rediyo. In ya ga dama ya ce a goge. In bai ga dama ba ya ce, "Na watan jiya dai a bar shi tukuna," ko kuma ya ce yau kansa na ciwo, in dawo wani sati. Na roƙi a sayo wani faifai na waje da zan riƙa kwashe tsofaffin, Yaya Ƙarami ya ce sayayya a hannun Yaya Babba take, Yaya Babba ya ce kayan kwamfuta ai na Direkter ne. Gogewa a ɓoye kuma ba ta yiwuwa, don Yaya Ƙarami ya sa na koya masa umarnin da ke jero fayiloli, kuma shi kaɗai ya iya a duniya. Kowace safiya sai ya shigo ya buga shi, ya ƙirga da yatsa a jikin gilashi.

Ana saura kwanaki Babbar Salla aiki ya ninka, motoci ba sa hutawa, log kuma yana kumbura fiye da kullum. A daidai lokacin Baffa ya shirya tafiya Meiganga, daga can zai shiga kasuwannin daji inda waya ba ta kamawa. Na tare shi da safe yana cikin mota, na sunkuya ta taga na ce injin ya kusa cika.

Ya ce, "In na dawo." Direba ya ja.

Na bi abin da ido yana hawa kullum. Na kwashe duk abin da nake da ikon kwashewa. Har ta kai juyawar kanta ta gagara, don matse fayil yana buƙatar ɗan wuri da za a ajiye matsattsen kafin a cire na asali, wurin kuma babu. Na gaya wa yayyena, kowanne ya ce in ɗan lallaɓa.

Da hantsi sabar ta faɗi, ranar da aka fi kowace rana lodi. Motoci cike da shanu da raguna suna jere a rana tun daga ƙofar gareji har bakin titi, babu takarda ko ɗaya. Direbobi suka fara danna oda. Masu shanu suka hawo bene da sandunansu, Fulatanci ya cika ofis, ba kuma na gaisuwa ba.

Na sami yayyena a ofishin Direkter, na ce musu kalma ɗaya nake jira, wani ya ce in goge, kafin a sha ruwa komai ya dawo.

Yaya Babba ya ce, "Ai wannan ba sai an tambaye ni ba. Inji sashen Direkter ne."

Yaya Ƙarami ya ce, "Haba Yaya, kana tsaye ni zan yanke hukunci? Kai ne babba."

"A ƙofar wa aka rubuta?"

"Motocin wa ke tsaye?"

Shekara guda ina jin kowannensu yana cewa shi ne Baffa in Baffa ba ya nan, ranar sai ga su suna ta miƙa wa juna girma da ladabin da ban san suna da shi ba. Yaya Ƙarami ya kawo shawarar in goge, amma in rubuta cewa ni na ga dacewar hakan, in sa hannu. Na ce hannuna yana ciwo. Yaya Babba ya shiga ɗakin gishiri ya kai wa sabar mari a gefe, ya tsaya yana jiran sakamako. Akawun nan 'yar kudu ta fara rubuta takardu da biro, direbobi suka ce wallahi ba za su kai wa jandarma rubutun hannu ana jibi Salla ba. Daga ƙasa aka yi ihu cewa wani bijimi ya durƙushe a cikin mota, sauran suna taka shi.

Wani dattijo cikin masu shanun ne ya tuna yana da ɗan'uwa a kasuwar da Baffa ya nufa. Ya kira, aka ce za a hau tudu a nema. Sai bayan azahar wayar ta dawo. Dattijon ya buɗe muryar ya ajiye ta a kan tebur, muka kewaye ta. Yaya Ƙarami ya fara da Faransanci, Baffa ya daka masa tsawa ya koma Hausa. Murya tana yankewa, ana jin kukan shanu a bayansa.

"Me kuka ce ya tsayar da motocin?"

Suka dube ni. Na matso na ce, "Baffa, sharar nan ce ta cika injin. Izini muke jira a goge."

Sai muryar Baffa ta tashi.

"Shara? Saboda shara kuka shanya mini dabbobin mutane a rana? Ku uku, da gemunanku da karatunku, babu mai hankalin da zai zubar da shara sai an hau tudu an nemo ni? Ke injiniya, ba aikinki ba ne?"

"Baffa, kai ka ce kada a..."

"Na ce ki riƙa tambayata in ina nan! Ina nan ne yanzu?"

Layin ya mutu. Dattijon ya ɗauki wayarsa ya sa a aljihu, bai dubi kowa ba. Na shiga ɗakin gishiri na buga layi ɗaya, na tayar da manhajar, firintoci suka fara kuka kafin Yaya Babba ya gama sauka bene. Motocin ba su riski lodin jirgin ranar ba, sai na washegari. Bijimin kuwa mahauta aka kira suka yanka shi a nan bakin gareji.

Da Baffa ya dawo aka yi taro. Bincike ya nuna cewa laifin na faifan injin ne da ya yi ƙarami, da kuma ni da ban sanar da wuri ba. Faifan da na yi watanni ina roƙo aka sayo shi kafin magariba, kowanne cikin yayyena yana cewa shi ya matsa a saya.

Na bari Salla ta wuce, na kai wa Baffa gaisuwa a gida, na same shi shi kaɗai yana cin soyayyen nama. Na ce ina so in ji a fili, injin ya riƙa zubar da tsohon da kansa, ko in ci gaba da zuwa?

Ya tauna, ya sha ruwa, ya goge hannu. "Ki yi abin da ya kamata, 'yata. Ni dai kada in ji an goge mini wani abu."

Na ce to, Baffa, ba za ka ji ba.

Washegari na mayar da layin gogewa inda yake. Na gaya wa Yaya Ƙarami cewa sabon faifan yana tattara fayiloli ta wata hanya ta zamani, ƙirga da yatsa ba ta dace da shi ba, ya ce dama ya karanta hakan a wani wuri. A taro na gaba da aka ce in yi bayanin halin da injin ke ciki, na tashi na yi shi da Faransanci, na zaɓo kalmomi mafi tsawo da na sani. Baffa ya yi gyangyaɗi tun ban kai rabi ba. Yaya Ƙarami ya tsayar da ni ya gyara mini furucin kalma ɗaya, na yi masa godiya na ci gaba.